Abin da na kwaso daga aikin masu ciwon sukari a Tahoua

'Yan uwa da munka yi aikin wayar da kan masu ciwon sukari tare a nan Tahoua, da yawanku kun ji na aje aiki, wasu sun kira wasu sun aiko saƙo ta WhatsApp suna tambayar ko lafiya. Lafiya lau, ba korata anka yi ba, ni na miƙa makulli da hannuna. Amma tunda ƙannenmu na ta shigowa aikin ga gara in faɗi abin da na gani, kuma ba zan kama sunan kowa ba, wanda ya sani ya sani.

Maganar duk a kan bandelet take, 'yan tsinkayen nan da ake ɗiga ma jini a sa cikin na'urar awo. An kawo muna su kwali-kwali tun farkon 2022, Shef, shugaban aikinmu, ya zuba cikin almuwar ya kulle ya ce na ranar 14 ga Nuwamba ne, ranar ciwon sukari ta duniya. Ni ba ni da faɗa da ranar ciwon sukari ta duniya, na sha tsayawa gaban jama'a ina ba da labarin cewa ranar haihuwar Frederick Banting ce, wanda shi da Charles Best sunka fitar da insulin a Toronto ta Kanada a 1921, kuma gaskiya duk sadda anka kafa rumfa ana gano mutanen da ke yawo da ciwon ba su sani ba. Sai dai shekarar nan azumi tun farkon Afrilu ya kama, tsakiyar bazara, zafi ya wuce 40, ga mu da dattawa cikin gurup masu shan ƙwayar ciwon sukari da ake kira glibenclamide da masu yin pikir na insulin kuma kusan dukkansu sun ɗaura niyya.

Wanda ya yi formasiyo ya san bambancin. Mai shan ƙwayar metformin kaɗai da wuya sukarinsa ya faɗi ƙasa, amma glibenclamide tura jiki yake ya yi ta sakin insulin ko ka ci abinci ko ba ka ci ba, to mutum ya sha da sahur ya wuni ba ko ruwa me kake jira. Ƙa'ida a bayyane take, in awon sukari ya sauka ƙasa da giram 0,70 cikin litar jini a karya azumi nan take, in ya haura giram 3 ma haka, kuma huda yatsa ba ya karya azumi. Duk na faɗa masu, har liman munka gayyato ya karanto masu aya ta 184 da 185 cikin Baƙara inda Allah ya yi ma mara lafiya rangwame. Sun saurara da ladabi sun yi muna addu'a. Matsalar ita ce alamun da muke lissafa masu, makyarkyata, zufa, jiri, bugun zuciya, yunwa, wa ke azumin Afrilu a Tahoua bai ji su ba da la'asar? Dattijon da ya shekara hamsin bai sha azumi ba ba zai karya don wata yarinya ta ce ya karya ba. Amma na gani da idona, in ka nuna mai lamba kan na'ura sai ya yi shiru ya ce a miƙo ruwa, gani ya kori ji.

Shi ya sa na shiga biro na ce Shef, Allah ya ba ka nasara, ka ba ni ko kwali biyu in bi masu haɗarin nan gida-gida tsakanin azahar da la'asar har a sha Salla. Ko ɗago kai bai yi daga waya ba, ya ce Madam, waɗannan na kampanye ne, in kin ƙarar da su me zan nuna ma mutanen Yamai, ki tahi ki yi masu bayani ai aikinki ke nan. Na sake komawa, na turo majo, babban nas ɗinmu, ya sa baki, amsa dai ita ce.

Akwai wani Baba mai saida albasa cikin kasuwa, kullum shi ke fara zuwa taro ya shimfiɗa muna tabarmi, ɗiyata yake ce mini. Ranar da abin ya faru ya sha ƙwayarsa cikakkiya da sahur kamar kullum, wajen ƙarfe uku maƙwabtan rumfa sunka ga yana ƙirga canji yana sake ƙirgawa yana ba mutane amsar da ba ita ba, rigarsa sharkaf, kafin a ankara ya kife kan buhu goshinsa ya bugi bakin teburi. Wasu na cewa iska ne wasu na cewa tansiyo, wani har ya ɗauko ƙwaryar hura zai ɗura mai. Jikansa da ke rako shi taro shi ne ya tare, ya ce ba a ɗura ma wanda ya suma komai a baki sai ya shaƙe, ya juya shi kan haƙarƙari sunka nemi mota sai asibiti. Ruwan glukoz anka sa mai ya farfaɗo. Da na je dubiya da dare, goshi da ɗinki, ya kama hannuna ya ce ɗiyata da kin zo da 'yar na'urar nan da na sha ruwa. Wallahi har yau in na tuna maganar ga sai ƙirjina ya yi nauyi.

Washegari wajen reyiniyo gaban kowa Shef ya ce animatris ɗin da ke da unguwar, wato ni, ba ta wayar da kan mutanenta yadda ya kamata ba. Bai tsaya nan ba ya sa cikin rapor na wata ya aika. Ba wanda ya yi magana, har waɗanda sunka ji lokacin da nake roƙonsa, kuma ban riƙe su ba kowa na da iyali. Sauran kwanakin azumin mu da matan gurup munka yi karo-karo munka sayo kwali ɗaya a farmasi, na bi su da ƙafa da kabu-kabu cikin rana, ba wanda ya sake faɗuwa cikin mutanena har anka ga wata. Wannan kam ba a sa shi cikin rapor ba.

Da Nuwamba ta zo anka buɗe almuwar, wasu kwalayen wa'adinsu ya wuce, sauran kuma sun yi bazara cikin ɗaki mai rufin kwano alhali jikin kwalin an rubuta kar zafi ya wuce 30. Sai da anka sayo sabbi cikin gaggawa. An yi biki, an sa riguna masu shuɗin zobe, alamar ciwon sukari, an ɗauki hotuna, waɗanda anka samu da sukari sama da 1,26 ba su karya kumallo ba anka ba su takarda aka ce su je su ga dokotoro, ba wanda ya karɓi lambar wayarsu. Na daure na ci gaba da aiki bayan nan saboda dattawan, amma sunana na nan cikin rapor ɗin ba a goge ba kuma bai taɓa ce mini ki yi haƙuri ba.

Don haka ƙannena, duk abin da za ku roƙa wajen na sama ku rubuta shi a takarda da kwanan wata ku riƙe kwafi, maganar baki cikin biro ba ta da shaida. Wannan ba rashin kunya ba ne.

Sauran a taƙaice. Ku riƙa gayyato mai girki da jikan da ke rakiya, su ke nan lokacin da abu zai faru, ga magidanta da yawa sun tahi biɗa Abijan ko Libiya an bar tsoho da suruka. Kar ku ce ma mutum ya daina cin tuwo da hura, ba shi da wani abincin, ku nuna a ɗibar mai nashi a ƙaramin kwano a yawaita miya da zogale, a fidda mai hura kafin a zuba sukari. Shayin fada zagaye uku ya fi tuwon ɓarna kuma ba mai lissafa shi cikin abinci sai kun tambaya. Kowane taro a cire takalmi a duba tsakanin yatsu, wanda ƙafarsa ta mutu ƙaya na shiga ko yashi ya ƙone shi bai ji ba, kuma a hana sakiya da yankan wanzami. Insulin in ba firigo a sa kwalbar cikin roba mai marfi a aje cikin jiƙaƙƙen yashi gindin randa. Mai shan maɗaci ko ganyen bedi kar ku zage shi, gobe ba zai dawo ba, ku dai roƙe shi kar ya aje ƙwayarsa.

Littafin sunayen masu ciwon nan mai koren bango na bar shi hannun wadda ta gaje ni, duk masu glibenclamide da insulin na sa masu jan biro da lambar wani na gidansu. Tun watan Sha'aban a tura su su ga dokotoro ya gyara masu awon magani, a kuma nemi makullin almuwar a duba kwanan watan da ke jikin kwalayen.