Gwajin da bai taɓa yin ja ba

Launin kore yana ruɗin mai rubuta manhaja, musamman sabon shiga. Ka rubuta gwaje-gwaje ga wani ɓangare na aikinka, ka kunna pytest ko JUnit, manhajojin da ke gudanar da gwaje-gwajen su nuna kore in gwaji ya wuce, ja in ya faɗi, komai ya fito kore, hankali ya kwanta. Ni ma na daɗe a haka. Na taɓa rubuta gwaji ga ɓangaren da ke lissafa ragin kuɗi ga mai saye. Gwajin yana kiran lissafin, yana karɓar amsa, amma babu layin assert da zai kwatanta amsar da abin da ya kamata ta zama. Wata da watanni yana kore. Da lissafin zai dawo da sifili ko wani shirme, kore ɗin dai zai nuna. Ma'aunin da ke ƙirga layukan da gwaji ya taɓa kuwa sai yabona yake, don shi layin da aka bi ta kai kawai yake ƙirgawa, ba ruwansa da ko an duba sakamako.

Don haka, ƙanena, kada ka yarda da gwaji sai ka ga faɗuwarsa da idonka. Shiga cikin kod ɗin, wato rubutun umarnin manhajar, ka ɓata shi da gangan: mai da tarawa ta zama ɗebewa, ko ka juya sharaɗin “ya fi” ya koma “bai kai ba”, sannan ka sake kunnawa. In bai yi ja ba, wannan gwajin ado ne kawai. Hikimar tsarin da Kent Beck ya yaɗa ke nan, shi da ya rubuta JUnit tare da Erich Gamma a 1997: a fara rubuta gwaji, a ga ya yi ja, sannan a rubuta kod ɗin da zai mai da shi kore. Ba lallai ka bi tsarin kullum ba, ni kaina ba na bi, amma ganin jan nan dole ne. Akwai ma kayan aiki irin su PIT a Java da Stryker a JavaScript da ke yi maka ɓarnar, su faɗa maka wadda ta wuce gwajinka bai lura ba.

Sai kuma inda ake kai gwajin. Da can lambobi masu daɗin sha'ani nake zaɓa, goma, ɗari, tsakiyar wata, alhali ƙwaro, wato kuskuren kod, a bakin iyaka yake ɓuya. Ranar 31 ga Disamba 2008, na'urorin sauraron kiɗa na Zune masu gigabait 30 suka daskare a faɗin duniya. Kod ɗin agogonsu, don ya gano shekarar da ake ciki, yana ɗebe kwanakin shekara ɗaya bayan ɗaya daga jimillar kwanakin da ya ƙirga muddin kwanakin sun haura 365. A shekara mai kwana 366 kuwa, an ce ya ɗebe ne kawai in sun haura 366. Da aka kai rana ta 366 cif, ba ɗebewa, ba fita, sai zagaye marar ƙarshe. Gwaji ɗaya tak da wannan ranar da ya tona asirin. Kai ma tambayi ɓangarenka: in jerin ya zo ba komai a ciki fa? In lambar sifili ce, ko ta yi ƙasa da sifili? In ranar 29 ga Fabrairu ce? In sunan mutum yana da ƙ ko ɗ?

Tunda an zo maganar agogo, kada gwajinka ya dogara da lokacin kwamfuta, ko intanet, ko abin da wani gwaji ya bari a rumbun bayanai. Irin wannan ne yau kore gobe ja ba tare da an taɓa komai ba, har abokan aiki su saba da cewa “sake kunnawa, zai wuce”. Daga ranar da aka fara faɗin haka, jan gaske ma ba mai kula shi. Ka miƙa wa ɓangaren ranar da kake so da hannunka, rumbun bayanai kuma ka ba shi na bogi. Sai dai kar bogin ya yi yawa, har ya zama bogi kake gwadawa ba kod ɗinka ba.

In aka kawo maka ƙorafin matsala kuma, riƙe hannunka daga gyara tukuna. Fara rubuta gwajin da zai maimaita matsalar, ka ga ya yi ja, sannan ka gyara, ka bar gwajin cikin sauran.