Laraba: sanyin Jos da rigimar systemd

Tun ƙarfe bakwai Alhaji ya kira ni, wai "Malam, kwamfutar nan taka ta sake halin nata." Tawa kuma! Tasa ce fa, tsohuwar na'ura da na sa wa Ubuntu, wato wani nau'in manhajar Linux da ke tafiyar da kwamfuta, muka tura ƙarƙashin tebur a shagonsa na Terminus tana riƙe lissafin kaya. Haka na zura rigar sanyi na tari keke, hazo ko'ina.

Duk ranar da aka ɗauke wuta aka tada janareta, na'urar tana tashi lafiya lau, amma ɗan shirin da na rubuta mai tura kwafin lissafi ta intanet sai ya mutu, in na zo na tada shi da hannu kuma sumul. Sati biyu ina zargin shirin, ashe laifina ne. Da na buɗe journalctl -b, umarnin da ke nuna tarihin abin da ya faru tun tashin na'urar, sai ga shi ƙarara, yana tashi tun na'urar ba ta samu adireshin IP ba, wato lambarta a netwok, rauta mai raba intanet na can tana miƙa.

Shi systemd, shirin da ke tada sauran shirye-shirye in an kunna na'ura, rukuni-rukuni yake tara ayyuka, target ake ce musu, multi-user.target shi ne tashi ba allo mai hotuna, abin da a tsohon tsari ake kira runlevel 3, graphical.target kuma mai hotuna, runlevel 5. Ni After=network.target na rubuta a fayil ɗin da ke gaya wa systemd yadda zai tada shirina, wato ya tashi bayan network.target, ina ganin na gama. To wannan bai ce akwai netwok ba, kamar direba ne ya tada mota a tashar Bauchi Road kai kana cewa an isa Bauchi. Wanda ke jira shi ne network-online.target, kuma After kaɗai ba ya janyo shi, jerin layi kawai yake tsarawa, sai ka haɗa da Wants. Layi biyu jal suka cinye min sati biyu, wallahi har kunya na ji.

Na gyara layukan, na yi daemon-reload don systemd ya sake karanta fayil ɗin, na duba WantedBy=multi-user.target, layin da ke ɗaura shirin a wannan rukunin, na nan, sannan tunda ba mai zama gaban allon na yi set-default multi-user.target don ta riƙa tashi a haka, me za ta yi da allo mai hotuna.

Gwaji ya rage, na miƙa hannu na kashe soket gaba ɗaya. Alhaji ya zabura, "Kai Malam, lafiya?" Na ce ranka ya daɗe ɗauke wuta nake kwaikwayo. Na sake kunnawa, muka yi tsuru-tsuru kusan minti biyu, na buga systemctl status don ganin halin shirin, ga ɗigon nan kore, alamar yana aiki. Ya aika yaro wajen mai shayi, ya ce a sa min ƙwai uku.