Wayar Baba, a hannun Baba

Duniya na tsufa, kuma da sauri. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 ne yawan waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama ya zarce na yara 'yan ƙasa da shekara 5. A lokacin sun kai biliyan 1. Nan da 2030 za su kai biliyan 1.4, wato mutum ɗaya cikin kowane shida, a 2050 kuma biliyan 2.1. 'Yan 80 zuwa sama ana sa ran su ninka har sau uku, su kai miliyan 426. Tsawon rai ni'ima ce, ba na cikin masu kiransa matsala. Sai dai hannuwan da za su riƙe dattawan nan ba sa ƙaruwa daidai da su. Haihuwa ta ragu a ƙasashe da dama, 'ya'ya kuma neman na kai ya warwatsa su. Shi ya sa kowa ya zuba wa fasahar zamani ido.

Mahaifina yana cikin lissafin nan. Ya ba 80 baya, yana da hawan jini da ciwon suga, kunnensa ya yi nauyi, amma hankalinsa garau yake, kuma a gidansa yake son zama. Hidimarsa ce ta sa na san kayan da ake ƙerawa da sunan tsofaffi, har na lura kashi biyu ne. Akwai masu ƙara wa dattijo ikon yin abinsa da kansa, akwai masu kwantar wa 'ya'yansa hankali kawai. Na biyun sun fi cika kasuwa, tunda mu ne masu zaro kuɗin. Ni kuwa duk abin da za a shigar ɗakin Baba, tambayata ɗaya ce: bayan an kafa shi, me Baba zai iya wanda jiya ba ya iyawa?

Abin da ya fi yi masa amfani ba don tsofaffi aka yi shi ba. Saƙon murya ne, wanda WhatsApp ya shigo da shi a 2013. Rubutu a waya azaba ne gare shi, kuma sai ka tsaya kusa da shi za ka ga dalili. Fuskar waya da ɗan lantarkin da ke jikin fata take gane taɓi, fatar dattijo kuwa busasshiya ce, sai ya taɓa sau biyu sau uku wayar ta yi kamar ba ta ji ba. In ya danna da ƙarfi, hannun na ɗan rawa, sai ta ɗauka riƙewa ya yi, ta buɗe masa wani abin da bai nema ba. Daga nan sai ya ajiye ta ya ce, "Abin nan naku ne, ba namu ba." Alhali laifin ba nasa ba ne. A cikin saitin kusan kowace waya akwai inda ake ƙara girman rubutu, da inda ake tsawaita lokacin da za ta jira kafin ta ɗauki taɓi a matsayin riƙewa. Akwai kuma maganar ƙarar kira. Siririn sauti shi kunne ke fara rasawa idan shekaru suka ja, don haka 'yar ƙarar nan mai tsini da ke tashe ni daga barci, Baba ba ya jin ta ko kusa. Da aka sauya masa zuwa mai kauri, aka daina cewa ba ya ɗaga waya. Yanzu maɓalli ɗaya yake dannawa ya yi ta zuba, ya tambayi kowa da sunansa, ya yi faɗa in ta kama, ya rufe da sa albarka.

Maganar kunne ta fi ƙarfin ƙarar waya. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura 60 suna da raunin ji mai hana mu'amala, in ji hukumar ta lafiya. Yadda yake shigowa ne ke ban tausayi. Baba mutum ne mai hira, sai muka ga ana zaune ana raha shi ya yi tsit, yana murmushin da bai dace da zancen ba. Wasu har sun fara raɗe-raɗin ko ruɗewar tsufa ce. Ba ya ji ne kawai, kuma kunyar yawan cewa "me kuka ce?" ta sa ya janye. Na'urar ƙara ji ta zamani ƙaramar kwamfuta ce: tana ɗaga sautukan da kunnen ya rasa, tana danne hayaniyar bayan fage, wasu ma suna haɗuwa da waya ta Bluetooth, muryar mai kira ta shiga kunne kai tsaye. Tsada ce ta daɗe tana tsare hanya. A watan Oktoban 2022 Amurka ta fara barin a sayar da wasu nau'o'inta ba tare da takardar likita ba, a Satumban 2024 kuma ta amince AirPods Pro 2, 'yan na'urorin sauraro na sawa a kunne na kamfanin Apple, su yi wannan aiki ga masu ƙaramin rauni zuwa matsakaici. Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet kan cutar mantuwa ya sa raunin ji cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarinta, waɗanda kuma ake iya magancewa. Amma a fara da gwajin kunne wurin masani, don wani lokacin datti ne kawai ya toshe shi.

Magani ba sai na ja ba. Wani rahoton hukumar ta lafiya na 2003 ya nuna kusan rabin masu ciwon da ba ya warkewa ne kaɗai ke shan magani yadda aka rubuta, ko a ƙasashe masu arziki. Ƙararrawar waya da akwatin ƙwayoyi mai gidan kowace rana sun ishe mu. Na'urar awon jini ta gida tana ajiye sakamako, likita ya ga na makonni maimakon na ranar asibiti kaɗai. Ganawa da likita ta bidiyo tana rage wahalar hanya idan bibiya ce kawai, amma sabon ciwo sai an taɓa jiki.

Inda aka kai ruwa rana a gidanmu shi ne batun faɗuwa. Kusan mutum 684,000 faɗuwa ke kashewa a duniya kowace shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Ga mai zama shi kaɗai, abin tsoro har da daɗewa a ƙasa babu wanda ya sani. Tun 2018 agogon Apple ke iya gane faɗuwa mai ƙarfi, in mai shi bai motsa ba na kusan minti ɗaya ya kira agaji ya kuma sanar da dangi, wasu kamfanonin ma sun bi sahu. Abu ne mai kyau, sai dai agogo na son caji, kuma da dare ake sa shi a caji, daidai lokacin da dattijo ke tashi cikin duhu zuwa banɗaki. Mun mayar da cajin na Baba zuwa hantsi, lokacin da yake zaune yana sauraren labarai. 'Yan fitilu masu kunna kansu in sun ji motsi, da muka jera daga bakin gado zuwa ƙofar banɗaki, ina ganin sun fi agogon aiki, domin su faɗuwar suke hanawa.

Yayana, saboda tsananin damuwa, ya kawo shawarar a kafa kamara a falo da ɗakin kwana. Na ce sai an tambayi mai ɗakin. Na same shi na ce, "Baba, Yaya na so a sa muku kamara, don mu riƙa ganin lafiyarku." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ke, tun da kuka girma na taɓa faɗa muku ɗaki ban ƙwanƙwasa ba?" Magana ta ƙare a nan. Kamara ba ta ƙara masa komai, mu take ƙara wa, shi kuwa sirrinsa take ɗaukewa: yadda yake fama kafin ya miƙe, yadda yake sauya kaya, hawayensa in ya tuna mahaifiyarmu. Akwai hanyoyin da suka fi wannan ladabi. A Japan, inda kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a suka kai 65, kamfanin Zojirushi ya fito da wata butar lantarki a 2001 wadda ke aika wa dangi saƙo cewa an yi amfani da ita. Iyakar abin da take faɗa ke nan: an tashi, an dafa ruwa. In safiya ta wuce shiru, sai a buga waya. Wanda ya ƙirƙiro ta ya san darajar dattijo.

Na san lissafin na sauyawa idan cutar mantuwa ta shigo, kuma fiye da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita a duniya. Wanda ke fita ya rasa hanyar gida, na'urar nuna inda yake tana iya ceton ransa. Shi ya sa muka zauna da Baba tun yanzu da hankalinsa ke jikinsa, ya faɗi abin da ya yarda a yi in ranar ta zo da abin da bai yarda ba, muka rubuta.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake rufe tsohuwar hanya da zarar an buɗe sabuwa. A turo lambar sirri, kafin Baba ya lalubo tabarau ya karanta ta, wa'adinta ya cika. A ce ya ɗora yatsa, zanen yatsan ya suɗe da shekaru, na'ura ta ƙi shi. A Sifaniya wani likita mai ritaya ɗan shekara 78, Carlos San Juan, ya gaji da irin wannan a bankuna, ya buɗe koke mai taken "Ni tsoho ne, ba wawa ba". Ya tara sa hannu sama da 600,000, a farkon 2022 bankunan ƙasar suka amince su tsawaita lokacin karɓar mutane ido da ido, su kuma ba tsofaffi fifiko. Duk hukumar da ta koma intanet, wajibinta ne ta bar ƙofa ɗaya da mutum a bayanta.

Ga kuma 'yan damfara. A Amurka kaɗai, hukumar FBI ta ce 'yan sama da 60 sun kai ƙarar asarar dala biliyan 3.4 a 2023. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke kwaikwayon muryar mutum, ana iya kiran kaka da muryar jikansa yana kuka yana neman kuɗi. Wasu iyalan sai su ƙwace wayar ko katin banki. Ban yarda da haka ba, hukunta wanda aka cuta ne. Dokarmu ɗaya ce, kuma ta hau kan kowa har ni: duk wanda ya kira yana gaggawar kuɗi, a kashe wayar, a kira shi ta lambar da aka sani. Baba ya fi mu kiyaye ta.

Kaɗaici kuwa har gwamnatoci sun san da shi. Birtaniya ta naɗa minista a kansa a 2018, Japan ta bi a 2021. A Japan ɗin aka ƙera Paro, mutum-mutumi mai laushin gashi da siffar jaririyar dabbar teku, wanda ake ba masu cutar mantuwa su rungume, kuma ba na raina sauƙin da suke samu. Amma abin da na ga yana raya Baba shi ne a buƙace shi, kuma na'ura ba ta buƙatar kowa. Ranar da 'yata ta kira shi ta bidiyo tana tambayar sunayen kakanninsa don aikin makaranta, ya kwana yana tuno wasu, da safe ya bi ta da saƙonni.

Daga nan ya ce yana so ya naɗi tarihin zuri'armu gaba ɗaya da muryarsa. Manhajar naɗin sabuwa ce gare shi, don haka muna koyo a hankali. Hannuna a bayana nake ajiyewa, shi ke dannawa, ko zai ɗauki minti goma, sannan ya rubuta matakan a littafinsa da kalmominsa. Ya kai kan kakan mahaifinsa, kuma ya ce kada wanda ya saurara sai ya gama.