Gajeren Bututu da Zaɓin Harsashi a Faɗan Kusa-Kusa

Duk lokacin da aka tayar da muhawara kan harsashin da ya fi dacewa da dakaru na musamman, akasarin masu magana sukan fara ne da tambayar wane ne ya fi girma, kamar dai faɗin dalma shi kaɗai ke yanke hukunci. A ganina tambayar da ta kamata a fara da ita ita ce tsawon bututun da harsashin zai fito daga cikinsa, domin kowane harsashi an ƙera shi ne da wani tsawon bututu a zuciya, kuma faɗan cikin gini, inda ake bin ɗaki-ɗaki da lungu-lungu, yana tilasta wa soja ya gajarta bindigarsa. A suna irin 5.56×45, lambar farko faɗin dalmar ce a ma'aunin milimita, ta biyu kuma tsawon kwanson da ke ɗauke da albarushi.

Shekaru da dama amsar ba ta ma shafi harsashin babbar bindiga ba. Lokacin da SAS, dakaru na musamman na Birtaniya, suka kutsa ofishin jakadancin Iran da ke Landan a watan Mayun 1980, bindigar MP5 ta Jamus ce a hannunsu, mai cin harsashin ƙaramar bindiga na 9×19. Gajera ce, ba ta dukan kafaɗa sosai, kuma tana karɓar na'urar rage ƙara cikin sauƙi. Abu biyu ne suka rage mata kasuwa. Na farko, rigar sulke mai laushi ma tana iya tare irin wannan harsashi. Na biyu, aikin da aka fara a cikin ɗaki yakan ƙare a tsakar gida ko a kan titi, inda abokin gaba ke nesa da mita ɗari biyu riƙe da Kalashnikov.

Daga nan aka koma ga 5.56×45, kuma a nan ne maganar bututu ta fara cizo. Wannan harsashi ya shiga hannun sojojin Amurka ne tare da bindigar M16 a yaƙin Biyetnam, da dalma mai nauyin giram 3.56 kacal, wadda ke fita daga bututu mai tsawon milimita 508 da gudun da ya kusa mita dubu a sakan ɗaya. Ƙarfinsa duka yana cikin gudun ne. Likitan sojan Amurka Martin Fackler, wanda ya shahara wajen nazarin raunin harbi, ya nuna cewa dalmar takan juya ta kuma tarwatse idan ta isa da isasshen gudu, amma da zarar gudun ya sauka ƙasa da kimanin mita 800 a sakan, wannan hali nata yakan ragu matuƙa. A 1980 ƙungiyar NATO ta amince da samfurin SS109 na kamfanin FN na Beljiyam, mai dalmar giram 4 da ɗan ƙarfe a gabanta, wanda Amurka ke kira M855. An tsara shi ne don ya huda hular kwano daga nesa, ba don ya yi aiki a cikin falo ba.

To sai aka rage bututun. Na bindigar M4 milimita 368 ne, na bindigar Mk 18 kuwa, wadda cibiyar sojan ruwan Amurka da ke Crane a jihar Indiyana ta tsara domin faɗan kusa-kusa, milimita 262 ne kawai. Dalilin gajartawar a bayyane yake: wanda zai juya a bakin ƙofa ko ya fito daga mota ba ya son doguwar bindiga, ballantana idan zai ɗaura mata na'urar rage ƙara da za ta ƙara mata tsawon kusan taƙi guda. Amma daga irin wannan bututu M855 yana fitowa ne tun daga baki da gudun da bai wuce iyakar da Fackler ya ambata ba, wato an cinye jarin tun kafin a fara ciniki. Bugu da ƙari, albarushin da bai gama ƙonewa a ciki ba yakan ƙone a waje, ya haifar da walƙiya da ƙara mai tsanani, abin da a cikin ɗaki rufaffe yake dame gani, ya toshe ji, ya kuma hana 'yan tawaga jin maganar junansu.

Maganin da aka fara nemowa shi ne a canza dalmar a bar kwanson. Haka aka sami harsashin Mk 262 mai dalmar giram 5, da Mk 318 wanda aka tsara don gajeren bututu da kuma ratsa shinge irin gilashin mota, sannan a 2010 sojan ƙasa na Amurka ya fito da M855A1. Wannan shi ne ɓangaren labarin da masu muhawara suka fi tsallakewa, alhali yana nuna cewa bambancin da ke tsakanin dalma biyu masu faɗi ɗaya yakan kai, ko ma ya fi, bambancin da ke tsakanin harsasai biyu masu suna daban.

Hanya ta biyu ita ce a ƙera harsashin da tun asali na gajeren bututu ne, kuma .300 Blackout, wato 7.62×35, shi ne misalin da ya fi fice. Kamfanin Advanced Armament Corporation ne ya fito da shi, bisa tunanin wani tsohon harsashi mai suna .300 Whisper, aka kuma yi masa rajistar ma'auni a Amurka a farkon 2011. An ɗauki kwanson 5.56 aka gajarta shi, aka buɗe wuyansa ya karɓi dalma mai faɗin 7.62, ta yadda bindigar da soja ya saba da ita ba ta buƙatar komai sai sabon bututu, har gidan harsashin ma ba a canza shi. Albarushinsa mai saurin ƙonewa ne, don haka yana gama aikinsa a cikin bututun da bai kai milimita 250 ba.

Abin da ya fi jan hankalin dakaru na musamman shi ne cewa yana zuwa iri biyu. Akwai mai dalmar giram 7 zuwa 8 da ke wuce saurin sauti, wanda aikinsa ya yi kusa da na harsashin AK-47. Akwai kuma mai dalmar kusan giram 14 da ke tafiya ƙasa da saurin sauti, wato ƙasa da kimanin mita 340 a sakan. Muhimmancin wannan shi ne, na'urar rage ƙara tana kashe ƙarar bakin bindiga ne kawai, ba ta iya hana tsawar da dalma ke yi idan ta keta iska fiye da saurin sauti. Sai dai shirun yana da tsada. Dalma mai tafiya a hankali ƙarfinta bai ɗara na ƙaramar bindiga da yawa ba, tana saurin sunkuyawa bayan mita ɗari ko ɗari da hamsin, kuma sulke yana tare ta. Akwai kuma wani haɗari da ba na raina shi: harsashin .300 yana iya shiga bindigar 5.56 ya zauna, kuma idan aka ja kunama bindigar ce za ta fashe a hannun mai ita. Tawagar da ke ɗauke da nau'i biyun a cikin duhu dole ta bambanta gidajen harsashinta ta yadda hannu zai gane su ba sai ido ya gani ba.

Tarayyar Sobiyet ta riga kowa isa wannan wuri. Harsashinta na 7.62×39, wanda aka ƙirƙira a 1943, mai dalmar kusan giram 8 ne da matsakaicin gudu, shi ya sa gajarta bututu ba ya cutar da shi kamar yadda yake cutar da 5.56. A shekarun 1980 kuma ta buɗe wuyan wannan kwanson ta samar da 9×39, mai dalmar kusan giram 16 da ke tafiya ƙasa da saurin sauti, domin bindigogin VSS Vintorez da AS Val na Spetsnaz, wato dakarunta na musamman.

Shi kuwa 7.62×51, wanda NATO ta karɓa a 1954, ba na ganin yana da hujja mai ƙarfi a cikin gini. Nauyinsa ya ninka na 5.56, gidansa yakan ɗauki ashirin maimakon talatin, dukansa a kafaɗa yana jinkirta harbi na biyu, kuma yana ratsa bango ya isa ɗakin da wataƙila waɗanda aka zo ceto ke ciki. Wurinsa fili ne, kamar kwarurukan Afganistan, inda Birtaniya ta shigo da bindigar L129A1 mai cin wannan harsashi a 2010 saboda nisan da ake harbin sojojinta daga gare shi. A shekarar ce kuma rundunar ayyuka na musamman ta Amurka ta daina sayen bindigar SCAR mai cin 5.56 ta ci gaba da sayen mai cin 7.62, domin ta farkon ba ta ba ta wani abin da M4 ba ta riga ta bayar ba.

Hukuncina shi ne 5.56 mai kyakkyawar dalma zai ci gaba da zama harsashin yau da kullum na irin waɗannan dakaru, ba don ya fi kowa ba, sai don soja yana iya ɗaukar harsashi 210 a jikinsa ba tare da ya gaji ba, yana kuma samun irinsa a wurin kowace rundunar ƙawance idan nasa ya ƙare. Harsashin 6.8 SPC, wanda kamfanin Remington ya samar tare da wasu sojoji na musamman a farkon shekarun 2000, ya fi 5.56 ƙarfi daga gajeren bututu, amma bai samu karɓuwa ba, galibi saboda yana buƙatar nasa gidan harsashi da nasa layin jigila.

A watan Afrilun 2022 sojan ƙasa na Amurka ya ba kamfanin SIG Sauer kwangilar sabuwar bindiga mai cin 6.8×51, harsashi mai matsin albarushi sosai da aka tsara don huda sulken zamani daga nesa, wanda gidansa ke ɗaukar ashirin, bindigar kuma ta fi M4 nauyi. A cikin wannan shekarar rundunar ayyuka na musamman ta nufi kamfanin da wata buƙata ta daban, inda ta zaɓi MCX Rattler mai bututun milimita 140, ta kuma neme ta a nau'i biyu, .300 Blackout da 5.56.