Godiya: Baban yara ya dawo gida

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. 'Yan'uwa, Baban yara ya dawo, yanzu haka yana gida, ƙafafunsa ne dai har yanzu a kumbure saboda tafiyar daji amma likita ya ce babu karaya, magani da hutu kawai. Ba zan iya bin kowa gida gida ba shi ya sa na rubuta a nan.

A gona 'yan bindiga suka same shi can wajen Ribah lokacin yankan dawa, suka tafi da shi da wasu mutum biyu. Duk wanda ke ƙasar Zuru, ko Danko/Wasagu ko Sakaba ko Fakai, ba sai na yi masa bayanin yadda abin yake ba.

Wadda zan fara yi wa godiya bayan Allah ita ce Mama, surukata. Daren da labari ya iso gida ya cika, kowa da shawararsa, wani ya ce a kira wane mai hanya da mutanen daji, wata ta ja ni gefe ta ce akwai wani mai magani da ke ɗaure bakin bindiga in ba ta kuɗi ta je da asuba. Mama ta ce ba wanda zai taɓa waya sai mun durƙusa, ta ce Matiyu 6:33 cewa ya yi a fara biɗan mulkin Allah, bai ce a biɗa in dabara ta ƙare ba. Tsohuwar da ɗanta ke hannun 'yan bindiga ce fa ke faɗin haka. Muka durƙusa. Maganar mai magani kuwa daga nan ta mutu.

Kada wani ya ɗauka daga addu'a muka naɗe hannu. An yi waya, an yi ciniki mai zafi, mun sayar da shanun huɗa da dawar bara. Amma duk ranar da za su kira sai Rabaran ya zo mun yi addu'a tukuna kafin ƙanin maigida ya ɗauka, kuma ni na ga bambanci, ko sun yi zagi bakinsa ba ya rawa.

Da ya dawo na tambaye shi me ya riƙe shi a can, ya ce Zabura 23 da ya haddace tun makarantar Lahadi, musamman aya 4, ita yake maimaitawa a zuci in dare ya yi. Ya ce akwai wani dattijo musulmi da aka ɗaure su tare, in an ba su ruwa sai dattijon ya ce sha ka rage min ɗana. Baba, duk inda kake Allah ya saka maka. Ni abin da na gane ke nan a Daniyel 3, Allah bai hana a jefa Shadrak da Meshak da Abednego cikin wuta ba, sarki Nebukadnezzar ne ya leƙa ya ga mutum huɗu. Kuma tun kafin a jefa su sun riga sun ce ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba.

Na gode wa Rabaran da dattawan ikilisiya, da zumuntar mata da suka raba kwana a gidanmu har yara ba su taɓa kwana da yunwa ba, da matasa da suka yanke mana sauran dawar ba ko sisi, da maƙwabtanmu musulmi da suka kawo gudummawa tun ba mu buɗe baki ba. 'Yan'uwa na Birnin Kebbi da Kontagora da Kaduna da suka turo ta akawun, wasu ko suna ba su sa ba, Ubangiji ya san ku.

Masu cewa bangaskiyarmu ce ta fi ƙarfi shi ya sa ya dawo, don Allah ku daina. Akwai matan da suka fi ni azumi kuma nasu na can har yau, wasu ma gawa ba su gani ba. Allah bai bar su ba, mu ma kada mu bar su.

Sujadar godiya ran Lahadi mai zuwa in Ubangiji ya yarda, baikon ranar kuma mun roƙi dattawa a kai wa iyalan da nasu ba su dawo ba. Masu zuwa gaisuwa ku yi haƙuri ku zo da rana, har yanzu ƙarar mashin da dare na firgita shi.