Burana, Inda Haƙori Ya Ba Da Shaida

Da hantsi muka bar Bishkek, babban birnin Kirgizistan, a ƙaramar bas da suke kira marshrutka. Duwatsun Tian Shan na hannunmu na dama, ƙanƙara fari fat a kansu, ga kuma rana tana dukan gilashi. A Tokmok na sauka, na shiga tasi zuwa Burana.

Hasumiyar jan bulo ta ƙarni na 11 ita ce babban abin da ya saura na birnin Balasagun. Matakalarta ƙunci ga duhu, sai da na haɗa da hannu kafin na kai sama. Can na hango kwarin Chu shimfiɗe, gonaki da dawaki, shiru kamar ba a taɓa kuka a wurin ba.

Kukan kuwa shi ya kawo ni. A shekarun 1880 aka tono maƙabartu biyu, ɗaya a nan, ɗaya a Kara-Djigach kusa da Bishkek. Duwatsun kaburburan na ɗauke da rubutun Suryaniyanci da shekarar rasuwa, kuma mamatan 1338 da 1339 sun yi yawa fiye da kima. A kan wasu an rubuta cewa annoba ce ajalinsu. Wace annoba? Fiye da shekara ɗari ana ja-in-ja, don dutse bai faɗi sunanta ba.

Sai da masanin tarihi Philip Slavin ya haɗa kai da masana ƙwayoyin halitta, Maria Spyrou da Johannes Krause. Shi ya bi rubutun da littattafan masu tonon, su kuma suka binciki haƙoran mamatan da ke ajiye a San Fitasbag ta Rasha. A 2022 suka sanar da cewa mutum uku na Kara-Djigach na ɗauke da Yersinia pestis, ƙwayar cutar ɗa'uni, kuma daga irinta ne babbar annobar da ta ci Turai da Misira a ƙarni na 14 ta fito. Dangin ƙwayar na kusa suna nan har yau a jikin marmot, wata dabbar duwatsun nan mai kama da ƙaton kurege, ƙuma ke yaɗa su.

Da na sauko na zauna a ciyawa, na buɗe hoton dutsen kabarin wani mai suna Sanmaq, wanda annobar ta kashe, a wayata. Kimanin shekara goma bayan binne shi, cutar ta isa Tunis, ta ɗauke iyayen masanin tarihi Ibn Khaldun duka biyu. Ina nan zaune har mai tasi ya gaji da jira ya danna min oda.