Kafin a share salon da burauza ta zo da shi

Kowace burauza tana da nata salon CSS na asali (CSS shi ne yaren da ake tsara kamannin shafin intanet da shi), wanda take shimfiɗa wa shafi tun kafin mai tsarawa ya rubuta layi ko ɗaya. Ita ce ke barin tazarar fiksel 8 a gefunan shafi, ta ninka girman babban kanu sau biyu, ta kuma tura jerin abubuwa ciki da fiksel 40. A shekarun baya bakin burauzoji bai zo ɗaya ba a kan irin wannan, domin Internet Explorer da margin (tazarar wajen akwati) take tura jeri, Firefox kuwa da padding (tazarar cikin akwati), sai shafin da ya zauna daidai a nan ya karkace a can.

Wannan ne ya sa Eric Meyer ya fitar da sanannen reset ɗinsa a 2007, wato gajeren rubutun CSS da ke mai da kusan kowace tazara sifili domin a fara gini a kan fili ɗaya. A 2011 Nicolas Gallagher ya zo da normalize.css, wanda ke barin abin da ke da amfani, ya daidaita saɓanin kawai. Ni dai na fi karkata ga hanya ta biyu, ko da yake ban raina ta farko ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake kwafe reset ba tare da an karanta shi ba. A sigar farko Meyer ya cire zoben da ke kewaye mahaɗa ko maɓalli idan an iso kansa da maɓallin Tab na kibod, ya kuma bar tunatarwa cewa kowa ya tsara nasa. Mutane da yawa suka ɗauki sharewar suka bar tunatarwar, har ya cire layin da ke share zoben a sigar 2011. Wanda larura ta hana shi riƙe linzamin kwamfuta, da wannan zoben kaɗai yake sanin inda yake a shafi, kuma cire shi don kawai bai yi wa ido kyau ba zalunci ne a wurina.

Saboda haka nake rubuta nawa gajere da hannuna: border-box ga kowane akwati, don faɗinsa ya haɗa da padding da iyakarsa, iyakar faɗi ga hotuna don kada su tsallake allon waya, sai umarnin da ke sa maɓallai da guraben rubutu su gaji haruffan shafi, tunda ba sa gadonsu da kansu. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a shafin Hausa, domin haruffan da na zaɓa saboda suna fitar da ƙ, ɗ da ɓ da kyau su nake so mai karatu ya gani a inda zai rubuta sunansa.